Za a iya dafa itacen malaina ya zama takarda ba tare da an ɓata wa mutane ruwa ba?

Mai Maɗaba'a:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da 'yar ƙaramar maɗaba'a a Kano, littafin rubutu na 'yan makaranta da rasit da katin biki su ne abincina. Duk rim ɗin farar takarda da zan sa a inji, in na juya kwalinsa sai in ga daga Indonesiya ko Indiya ko Sin ya fito. Dala na motsawa takarda za ta motsa, mai makaranta kuwa ba ruwansa, farashin bara yake so a yi masa.

Surukina yana da gonar malaina wajen Lafiya. Masu katako ne ke zuwa su sare manyan, rassa da ɓawo da gutsattsari kuma a tara a cinna musu wuta. Shi ne ya ce mini ai tun farko don takarda gwamnati ta yawaita shuka malaina a ƙasar nan. Daga nan muka fara tunanin ko za mu haɗa kuɗi mu kafa ƙaramin wurin dafa ƙullun takarda, ko da na bangon littafi da kwali ne kawai.

Abu guda ne ya hana ni sakewa. Na tashi a kusa da inda ruwan masana'antun jima yake gangarowa, na san yadda rafi yake komawa in aka sake masa datti, na kuma ga masu lambu suna ban ruwa da shi don ba su da wani. Ba na so in nemi abinci ta hanyar da zan ɗauki haƙƙin mutanen ƙauye a wuyana. Don Allah waɗanda suka san harkar: akwai hanyar dafa irin itatuwanmu na ƙasashe masu zafi wadda ba ta ɓata ruwa da iska? Kuma mai ƙaramin jari zai iya ta?

Injiniya Mai Ritaya:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fara da tambayar ruwa kafin tambayar riba. Na yi ƙuruciyata a wata masana'antar takarda a ƙasar nan, a sashen tukunyar dahuwa, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Itace zaruruwa ne ƙanana da wani danƙo mai suna liginin ya manne su. Zaren shi ake so, danƙon shi ake son cirewa, kuma a irin itatuwanmu masu faɗin ganye ya kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyin busasshen itace. Hanyar da duniya ta fi bi ita ce wadda ake kira kiraf, wani Carl Dahl ne ya fito da ita a 1879. A ɓare itace, a daddatse shi gutsi-gutsi, a zuba a tukunyar matsi tare da soda, irin wadda masu sabulu ke saye, da wani gishiri mai farar wuta a jikinsa, a kai zafi wajen digiri 170 na tsawon wasu awanni. Idan aka buɗe bututun ƙasa, matsin ne ke harbo shi waje, gutsattsarin da suka shiga da ƙarfinsu sai su fito sun ruguje sun zama ƙullu mai ruwan ƙasa-ƙasa. Kusan rabin itacen ne ke fitowa a matsayin ƙullu. Ɗaya rabin ya narke cikin ruwan dahuwar, shi muke kira baƙin ruwa.

To duk maganar tana wurin baƙin ruwan nan. Kowane tan guda na ƙullu yana barin kusan tan 10 na baƙin ruwa. Yana da santsi a hannu, in ya daɗe a fata sai ya ci ta, in ya shiga rafi sai kumfa ta taso ta rufe saman ruwa, ya shanye iskar da kifi ke shaƙa. Babbar masana'anta ba ta zubar da shi, don dukiya ce. Yana fitowa tsararo, abin da ya narke a cikinsa bai wuce kashi 15 ba, sai a bi da shi ta jerin tukwanen tururi har ya yi kauri ya kai kashi 65 zuwa 80, sannan a fesa shi cikin wata ƙatuwar tanderu ya ci wuta. Danƙon itacen ya ƙone ya ba da tururi da lantarki, sinadaran kuma su narke su malalo ta ƙasa jajur. A narkar da su a ruwa, a haɗa da ƙonanniyar farar ƙasa, sai soda ta dawo sabuwa a sake dahuwa da ita. Wani G. H. Tomlinson ne ya kammala wannan tanderu a farkon shekarun 1930, kuma masana'antar da ke tafiya daidai tana dawo da sama da kashi 95 na sinadaranta.

Lokacin da kayan gyara suka daina zuwa mana, sashen nan ne ya fara raunana, domin ko ya tsaya injin takarda yana iya ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, kuma takarda ita ake gani ake sayarwa. Ranar da tanderun ya kwanta, baƙin ruwa sai ya cika tankuna, daga tankuna ya tafi tafkin ajiya, damina ta zo tafkin ya tumbatsa. Matan da ke wanki a ƙasan rafi su suka fara zuwa bakin ƙofa da ƙorafi, hannayensu sun tsattsage. Har yau abin yana raina.

Shi ya sa nake gaya maka gaskiya, ɗana: dafa itace da sinadari ba sana'ar ƙaramin jari ba ce. Tukunyar dahuwa ma wani maƙeri mai kyau a Kano zai iya haɗa maka ita. Tanderun ƙona baƙin ruwa kuwa ta fi tukunyar tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ta biyan kanta sai ana dafa dubban tan. Ƙasar Sin ta gwada dubban ƙananan masana'antu masu dafa karan alkama ba tare da wannan sashe ba, kogin Huai ya lalace, har a 1996 gwamnati ta ba da umarnin rufe waɗanda ba sa kai tan 5,000 a shekara. A ɗaya gefen kuma, masana'antar da kamfanin Suzano ya buɗe a Barazil a 2024 an gina ta ne don tan miliyan 2.55 a shekara. Ka ga inda harkar ta dosa.

Wari kuma daga farar wutar yake. Duk wanda ya taɓa wucewa kusa da masana'antar kiraf ya san warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke bin iska ya shiga tufafi. Yanzu ana tattara iskar a ƙone ta, amma wannan ma wani jarin ne.

Malamar Kimiyya:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma, kun yi bayani mai gamsarwa. Ina neman izini in ƙara wani ɓangare, domin kiraf ba ita kaɗai ba ce, kuma malaina na cikin itatuwan da ba sa buƙatar a tsananta musu.

Ina koyarwa a sashen kimiyyar haɗa sinadarai, kuma ɗalibaina sun sha dafa malaina a ƙaramar tukunyar ɗakin gwaji. Itace ne fari, mara nauyi, ruwan dahuwa yana ratsa shi da sauƙi. Da soda zalla ma yana dahuwa, ba sai an sa farar wuta ba, kuma hanyar soda ta girmi kiraf, tun 1851 Burgess da Watt suka fito da ita a Ingila. Matsalarta ita ce tana cin zaren, ƙullun ya fito kaɗan kuma ba ƙarfi. A 1977 aka gano cewa ɗan mitsitsin wani sinadari mai suna antarakwinon, wanda bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na nauyin itacen ba, yana hanzarta narkar da danƙon yana kuma kare zaren. In ka wanke ƙullun a rariya ka matse a tafin hannu, za ka ji bambanci: na soda zalla yana ɓarɓashewa, mai antarakwinon yana riƙe jikinsa. Ba wari kuma. Sai dai dole in faɗi ɗaya gefen. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa antarakwinon cikin abubuwan da ake zargi suna iya jawo cutar, kuma a 2013 Jamus ta janye amincewarta da shi a takardar naɗe abinci. Wanda zai yi takardar da za a ƙunshe tsire ko ƙosai ya kiyaye. Kuma baƙin ruwan yana nan, maganar Baba ba ta faɗi ba.

Akwai kuma dahuwa da sifirit, wato itanol gauraye da ruwa. A rubuce abin sha'awa ne ƙwarai: a dafa, a turara sifirit ɗin ya dawo, liginin ya kwanta a ƙasa tsaf ba farar wuta, a sayar da shi ga masu yin gam. Theodor Kleinert ya fara wannan tun farkon shekarun 1930, kuma ta fi dacewa da itatuwa masu faɗin ganye irin namu. An gina masana'antar gwaji a New Brunswick ta Kanada a 1989, ta yi wasu shekaru ta tsaya. Wata a Kelheim ta Jamus, mai amfani da metanol, wani nau'in sifirit, an buɗe ta a 1992 ta rufe a 1993. Sifirit mai zafi a ƙarƙashin matsi abu ne mai kama wuta, kuma ko kaɗan ya tsere ribar ta tafi. Ɗalibai suna son rubuta kundi a kanta, ni ma ina ƙarfafa musu gwiwa, amma ba zan ce Alhaji ya zuba kuɗinsa a ciki ba.

Abin da nake ganin ya fi kusa da buƙatarka, Alhaji, shi ne niƙa maimakon narkarwa. A jiƙa gutsattsarin da 'yar soda da haidurojin feroksaid, wani sinadarin sa abu ya yi fari, su yi laushi, sannan a bi da su tsakanin faifan ƙarfe biyu masu juyawa su warware zaren. Danƙon yana zama a jikin zaren, don haka kashi 85 zuwa 90 na itacen yana dawowa a matsayin ƙullu, dattin ruwan kuma ya ragu sosai, tafkunan tacewa masu ba da iska za su iya da shi. Takardar takan yi ja-ja in ta sha rana, kamar tsohuwar jarida, amma kwali da bangon littafi ba ruwansu da wannan. Cikas ɗin lantarki ne, injin niƙan yana shan wuta ba kaɗan ba. Masu bincike a Madison ta Amurka sun nuna cewa in aka bar wani nau'in farin naman gwari ya yi kamar mako biyu yana cin danƙon gutsattsarin kafin a niƙa, ana rage wutar da kusan kashi 30. Zafi da laimar da wannan naman gwari ke so muna da su kyauta, sai dai wasu ƙwayoyin da ba a gayyata ba su ma suna son su, don haka sai an turara itacen tukuna.

Maganar wanke ƙullu ya yi fari kuma, mafi munin gubar masana'antar takarda daga nan ta fito. A shekarun 1980 aka gano cewa wanke ƙullu da iskar kulorin zalla yana haifar da dayoksin, gubar da ke taruwa a jikin kifi ta shiga jikin mai cinsa. Yanzu yawancin masana'antu sun koma kulorin dayoksaid, wasu kuma oksijin da ozon da feroksaid kaɗai. A Afirka ma aka fara rage danƙo da oksijin a matakin masana'anta, a Enstra ta Afirka ta Kudu, a 1970. In za ka iya barin kayanka da launinsu na asali, ka tsallake wannan babi gaba ɗaya.

Malamin Daji:

Ni ba zan shiga maganar sinadari ba, ba fannina ba ne. Daji na sani, kuma daga nan nake jin tsoro.

Alhaji ya ce itatuwanmu na ƙasashe masu zafi. Ya kamata a raba biyu: akwai wanda aka shuka, akwai na Allah da ke daji. Gonar malaina iri ɗaya ce, shekara ɗaya, nauyi ɗaya. Dajinmu kuwa a kadada guda za ka tarar da ƙirya da marke da kawo da maje da doka da rimi. Ƙirya gatari ma yana jin jiki a kanta, rimi kuwa da farce za ka kwarzane shi. Zuba su tukunya guda tamkar zuba wake da shinkafa ne lokaci ɗaya: kafin waken ya nuna shinkafar ta caɓe. Sai a ƙara soda don masu taurin, masu laushin su lalace, dattin ya ƙaru. Wasu kuma suna da ƙaro da yashi a jikinsu da ke toshe tukwane. Kamaru ta gina babbar masana'anta a Edea don dafa gaurayen itatuwan daji, aka buɗe ta a farkon shekarun 1980, ba ta yi wasu shekarun kirki ba ta tsaya cak, ta bar ƙasar da bashi.

Rim ɗin Indonesiya da kake saye ma yana da tarihi. Shekara da shekaru manyan masana'antun tsibirin Sumatra, musamman lardin Riau, dajin asali suke kwashewa kaf su dafa, sannan su shuka itacen akeshiya a wurin, wani lokaci a kan ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye da aka janye wa ruwa. Irin wannan ƙasa in ta bushe wuta take ci ta ƙarƙashi, kamar yadda aka gani a gobarar 2015 da hayaƙinta ya rufe Singafo da Malesiya. Sai a 2013 babban kamfanin takarda na ƙasar, APP, ya sanar da cewa ya daina sarar dajin asali. Masana'anta tana iya zama ba ta zubar da ɗigon datti a rafi ba, amma in da dajin asali take ciyar da tukunyarta, ni a wurina ba ta da tsabta.

Mu nan ma mun ga yadda kasuwa take yi wa itace in ta buɗe baki. Waɗanda suka san Taraba sun ga yadda aka yi wa madobiya a 'yan shekaru saboda masu saye daga Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ke sa wa ido a 2017. Ranar da aka ji wani yana sayen itace da awo, masu injin sara ba za su tsaya tambayar ko malaina ce ba. Don haka ka lissafa tun yanzu: in da sinadari ne, tan guda na ƙullu yana cin kusan tan biyu na busasshen itace. Gonar surukinka za ta ɗauke ka wata nawa? In ta ƙare daga ina?

Malaina kanta ba a ko'ina take yi ba. 'Yar asalin Indiya da maƙwabtanta ce, tana son ƙasa mai zurfi da ruwa. Wani attajirin Amurka, Daniel Ludwig, ya sayi fili a Jari cikin dajin Amazon a 1967 ya cika shi da malaina, har ya sa aka ƙera masana'anta a Japan aka janyo ta a kan teku a 1978. Ƙasar wurin yashi ce, malainar ta ƙi, aka koma wasu itatuwan, shi kuma ya sayar ya fita a 1982. Wajen Lafiya tana yi, kuma in aka sare ta tana sake tohowa daga kututture, wannan alheri ne. Amma kada wani ya ji wannan ya je ya share gonar gero a Daura don ita.

Injiniya Mai Ritaya:

Malama, Allah ya ƙara basira, na yarda da ke a kan niƙa. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku a Akwa Ibom ma da irin wannan hanya aka tsara ta ci malaina. Abin da zan ƙara shi ne tsawon zare. Zaren malaina wajen milimita 1 ne, na itacen fayin, mai ganye kamar allura, kuwa ya kan kai 3. Gajere yana ba da santsi da kyan bugu, dogo shi ke hana takarda yagewa a kan inji. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin duk sun dogara da dogon zare daga waje, kuma da kuɗin waje ya yi wuya wannan na cikin abin da ya durƙusar da su. An shuka fayin a Afaka kusa da Kaduna da kuma tudun Jos, amma bai kai ya ciyar da masana'anta ba. Ni da za a ji tawa, rama za a duba. Zaren ɓawonta ya ninka na malaina a tsawo, cikin wata huɗu zuwa biyar ake girbe ta, kuma manomanmu ba sai an koya musu nomanta ba.

Ɗana, kai mai bugu ne, ka san fararen ɗigo-ɗigon nan da ke fitowa a wurin da tawada ta cika, har sai ka tsayar da inji ka goge roba? Wani lokaci ba ƙura ba ce. Itatuwa masu faɗin ganye suna da wasu bututun ruwa gajeru masu faɗi a jikinsu, ba sa manne wa sauran zaren da kyau, tawada mai danƙo sai ta ɗauke su. Itatuwan ƙasashe masu zafi sun fi yawan manyansu. In ka taɓa yin takardar kanka, sai ka tace su ko ka niƙa ƙullun sosai, ka kuma shafe fuskar takardar da sitaci. Rogo yana nan jibge a Nasarawa da Binuwai.

Mai Maɗaba'a:

Baba, Malama, Malamin Daji, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Ɗigon da Baba ya faɗa na sha fama da shi, musamman a katin biki mai baƙin bango, kullum yarana nake ɗora wa laifin rashin share ɗaki.

Na karanta wa surukina duka. Maganar tukunyar soda mun ajiye ta, tunda ba mu da ƙarfin tanderun baƙin ruwa. Abin da muke dubawa yanzu shi ne mu fara da yankakkun gefen takarda da ke taruwa a maɗaba'un Kano da tsofaffin kwalaye, mu jiƙa mu dama mu yi kiret ɗin ƙwai da bangon littafi, in abin ya kama ƙasa sai a gwada haɗawa da niƙaƙƙen reshen malaina da zaren rama. Malama, in ɗalibanki za su iya gwada mana gaurayen, zan aiko da buhun gutsattsarin malaina da damin rama ta motar Lafiya. Abin da nake son sani kafin mu sayi ko da ƙusa shi ne yawan ruwan da tan guda zai sha, da girman tafkin tacewar da za mu haƙa, don filin da muke da shi akwai rijiyoyin mutane a gabas da shi.

Malamar Kimiyya:

Ka aiko, Alhaji, amma a ɓare ɓawon malainar tun tana ɗanya, a shanya gutsattsarin a inuwa kada su yi funfuna, ramar kuma a raba ɓawo da kara, kowanne buhunsa daban. Ka haɗo da jarkar ruwan rijiyar da ta fi kusa da filin, mu auna shi yanzu tun ba a fara komai ba, don a samu abin gwadawa da shi nan gaba. Tafkin kuma kowane girma ya kasance sai an daɓe ƙasansa da laka mai kauri ko a shimfiɗa leda mai ƙarfi, a kuma haƙa shi ta ɓangaren da ruwan sama ke gangarawa ya bar rijiyoyin. Ruwan wanke tsohuwar takarda yana ɗauke da tawada da sitaci, amma yawancinsa ana iya tace shi a mayar cikin tukunyar dama ƙullu. Lissafin girman sai na ga irin kwalayen da za ku riƙa samu, ka sako mini kaɗan daga kowane iri.